Inna Indo da Akun Gidan Takaba

Inna Indo ba ta fita kasuwa sai ta fara zagayawa bayan ɗakinta. Kafin ta sa komai a baki, sai ta bi kowane keji ta yaye tsumman da ta rufe shi da shi, tana gaishe da na ciki kamar maƙwabta. "Kun tashi lahiya? Kai kau, mai baƙin rai, yau ma da hushi ka kwana?" Akwai keji ɗaya a ƙarshen layi wanda ba kowa a cikinsa, shi ma sai ta yaye. Ta zubar da ruwan jiya, ta ɗauraye ƙoƙo, ta zuba sabo. Ta ɓare gyaɗa, ta tsaga rake in lokacinsa ne. Daga nan sai ta kife turmi ta zauna, ta ba tsuntsayen gefen fuskarta, ta kama saƙa ba tare da ta dube su ba. Baƙo zai ɗauka hutawa take yi. Mu da muka tashi a unguwar mun san wannan zaman shi ne aikin.

Sana'ar da aka san ta da ita a kasuwar Ƙanƙara ita ce saƙar kwandon kaji da kejin tsuntsu. Ɗaya sana'ar tata ba ta da suna, ba ta da rumfa. Tun da kuɗin mai suka shigo ƙasa, samarinmu suka zama direbobin manyan motoci masu zuwa Kurmi da Ikko. Kowa ya dawo da abin nunawa: rediyo, agogon bango, katifar soso, wani kuma aku, toka-toka mai jar wutsiya. Gidan da aka rataye aku an san arziki ya leƙa shi. Sai dai an sayo tsuntsun ba a sayo sanin zama da shi ba. Ana gama murnar ya iya sallama, wata rana sai ya kama yatsan yaro ya tsaga. Daga nan sai duka da kara, ko a kai shi maƙera a goge masa baki da magagari, ko a jefa shi lungu a manta. Waɗanda ke da sauran kwana su ne ke isowa bayan ɗakin Inna Indo.

Ba a littafi ta koya ba, a jikinta ta koya. Tana amarya a Daudawa, mijinta kuku ne na wani Bature a gonar auduga. Da Baturen zai koma ƙasarsu ya bar musu akunsa. Tsuntsun ya daina magana, ya fige gashin ƙirjinsa, ranar da ta miƙa masa hannu kuwa ya kama manuniyarta har ƙashi. Har yau yatsan bai miƙe ba. Takan ce, "Na ɗauko shi zan murɗe mashi wuya, sai na ga ba ni shike kallo ba. Hanyar da motar Baturen ta bi shike kallo." Ta ajiye shi, ta zauna gefe. Shekara da shekaru suka yi tare, mijin ya rasu, ta dawo Ƙanƙara da ɗanta a hannu da akun a ka.

Abin da take faɗa wa kowa bai da yawa. Aku ba shi da hannu, bakinsa ne hannunsa. Ba ya cizo sai ya yi gargaɗi: baƙin idonsa zai riƙa tsukewa yana buɗewa da sauri, gashin wuyansa ya tashi, ya baza wutsiya, ya sunkuyo da baki a buɗe. "Ya hwaɗa maku, ku ne ba ku ji ba." Barau mai shayi na tasha shaida ne. Akunsa ya ciji masu shan shayi har ciniki ya fara gudu, ya rantse zai soya shi. Inna ta zauna a bencinsa wuni guda tana kallo, ta ga yadda ake busa wa tsuntsun hayaƙin taba, ana tsokanarsa da tsinken ashana. Ta ce, "Barau, ka ɗaga shi sama inda hannu bai kai. Su kau masu shayin naka, su ya kamata a sa a keji." Tsuntsun yana nan har yau yana kiran mutane su zo su sha da zafi.

Amma abin da ya sa mutanen Faskari ba za su manta da ita ba shi ne abin da ya faru a gidan Hajiya Lauratu.

Hajiya tana da ɗa direba, Gide, mai kai auduga Ikko ya dawo da siminti. Shi ya zo da aku, ya sa masa suna Ɗan Ikko, ya rataye kejinsa a rumfar tsakar gida, can sama inda yake ganin kowa. Tsuntsun ya iya ham ɗin motar, ya iya tarin Gide, ya iya kiran "Suwaiba, ruwa!" da muryar da ko uwar Gide sai ta waiga. Suwaibatu ita ce matar Gide, 'yar Ketare, tana goyon 'yarsu Ummi, takwarar Hajiya.

Wata tafiya Gide bai dawo ba. Motar ta faɗi a hanyar dawowa, can aka binne shi. Hularsa da agogonsa kawai suka iso gida.

Ranar da gida ya cika da masu gaisuwa, ana cikin koke-koke, sai aku ya yi ham, ya yi tari, ya ce, "Suwaiba, ruwa!" Mata suka watse, Hajiya ta yanke jiki ta faɗi. Da ta farfaɗo ta ce a ɗauke mata shi. Aka sauke kejin, aka rufe shi da buhu, aka tura shi ɗakin hatsi, a ƙasa, bayan tukwane.

Suwaibatu ta shiga takaba. A garuruwanmu mai takaba ba ta kitso, ba ta lalle, ba ta sa kwalli ko awarwaro, ba ta ɗaga murya. Duk inda za ta a cikin gida da 'yar wuƙa a hannunta, wai don kada mamacin ya kusance ta. Haka take shiga ɗakin hatsin kowace safiya, a lulluɓe, wuƙa a hannu ɗaya, gyaɗa a ɗaya. Haka kuma take fitowa da jini.

Magana ta fara yawo a bakin rijiya. Maƙwabta sun ji muryoyin mata da miji safiyar da Gide ya fita. Ga shi tsuntsun da ke magana da muryarsa, wanda a da yake cin tuwo a kafaɗar matar, yanzu ita kaɗai yake cizo a duk gidan. Aka ce da fushinta Gide ya mutu, tsuntsun ne ke isar da saƙo. Hajiya ta yanke magana a gaban kowa: in takaba ta ƙare a yaye Ummi, Suwaibatu ta koma Ketare ita kaɗai. Ba za ta bar jinin ɗanta a hannun matar da ya mutu bai yafe wa ba.

Sai ta aiki babban ɗanta, Malam Almu, a kan babur ya ɗauko Inna Indo. Ba don gyaran tsuntsu ba ne. Inna haifaffiyar gidan Maguzawa ce, Hajiya kuwa ta ɗauka duk wanda ya fito irin wannan gida yana jin maganar ɓoye. So take a tabbatar mata da abin da ta riga ta yarda da shi.

"Indo, ke kin san abin da mu ba mu sani ba," in ji Hajiya bayan an gaisa. "Ki duba mani. Mi yaron nan ke son hwaɗi? In akuya ce, ga ta can a turke."

Inna ta dubi akuyar. Ja ce, mai kyau, da ciki, ita kuwa a shekarar ko tunkiya ba ta da ita. Abin da ke tsakaninta da akuyar bai wuce ta gyaɗa kai ba.

"Hajiya, ni ban san maganar matattu ba. Wanda ya san wannan ubana ne, ya tahi da abinshi. Ta tsuntsu na ɗan sani. A nuna mani shi."

A ɗakin hatsin ba ta miƙa hannu ba. Ta durƙusa nesa kaɗan, ta ɗage bakin buhun. Tsuntsun ya rame, ƙirjinsa a fige, kashin ɓera zagaye da kejin. Jar wutsiyar babu ita. Ba zubewa ta yi ba, an ciccire wasu gashin, an yanke wasu, jini ya bushe a wurin. Inna ta san masu neman jan gashin aku don haɗa maganin farin jini. A cikin cunkoson masu gaisuwa wani ya zagayo nan, ya danne tsuntsun a cikin duhu, ya yi abin da ya kawo shi.

Tana fitowa ta tarar da Suwaibatu a bakin ƙofa, kanta a ƙasa.

"Inna, gaskiya suke hwaɗi," ta ce da muryar da da kyar ake ji. "Yarinyar na zazzaɓi, na ce kada ya tahi. Na ɗaga mashi murya. Na dama koko, bai sha ba ya hita."

Inna ta kama hannunta ta juya shi. Wani rauni ya fara warkewa, wani sabo ne, wani ya kumbura.

"Ɗiyata, abin da ke ran mijinki sa'ad da ya tada mota, Allah kaɗai ya sani, ba zan yi maki ƙarya ba. Amma wannan ba saƙo ba ne. Tsoro ne."

Ta sa aka fito da kejin tsakar gida, aka taru.

"Wa ke ba shi abinci?"

Aka nuna Suwaibatu.

"Sai wa?"

Aka ce ba kowa.

"Ruwa fa? Wa ke sauya mashi?"

Aka sake nuna ta. Malam Almu ya gyara tsayuwa, ya naɗe hannun riga. "Ni ai ya san ni. Ni na sauko da shi daga mota ranar da aka kawo shi." Kafin Inna ta buɗe baki ya zura yatsa. Sai ihu. "Innalillahi! Wannan ai kare ne aka sa ma gashi!"

"To, Malam," in ji Inna, "kai kuma mi ka yi ma ƙanenka?"

Mata suka rufe baki da mayafi suna dariya, dariyar farko a gidan tun rasuwar. Inna ba ta yi ba. Ta ce, "Ita kaɗai shike cizo don ita kaɗai ke miƙa hannu. Ku duka kun bar shi ga ɓeraye. Wanda ya sani ya tahi, an sauke shi ƙasa, an ruhe shi cikin duhu, an hige shi da wuƙa. Sannan ga wata na shigowa a lulluɓe, ba awarwaro, ba dariya, da wuƙa a hannu. Ko ni ce sai na ciza."

Hajiya ma ba ta yi dariya ba. "Na ji, Indo. Almu baƙo ne gare shi. Ita fa? In babu komi tsakaninta da yaron nan, tsuntsun ya hau hannunta kamar da, in gani da idona. In bai hau ba, maganata na nan."

Inna ta dubi Suwaibatu, ta dubi yarinyar da ke bayanta. Ta tuna da nata tsohon akun na Daudawa, wanda bai taɓa cin abinci a hannun kowa ba sai nata. Ta bar shi wurin maƙwabciya a kan gobe za ta dawo. Ta san abin da hakan ke nufi fiye da kowa. Duk da haka ta kwance ƙunshin kayanta ta ce a ba ta tabarma.

Aka mayar da kejin rumfa, can sama, ta gefen da ba ya kallon ƙofar Hajiya. Inna ta kife turmi ta zauna, ta zaunar da Suwaibatu kusa da ita da yarinya a cinya, dukansu sun ba tsuntsun gefen fuska. Ba mai dubansa, ba mai kiransa. Da ya fara sauka yana cin abinci a gabansu, sai ta tsaga bakin dogon kara, ta maƙala gyaɗa, ta ce Suwaibatu ta miƙa. In ya kai wa karan sara, ba tsawa, ba janyewa da sauri, sai a jira. In idonsa ya fara tsukewa, a bar shi ya huta. Kowace safiya Inna ta karya kaɗan daga tsawon karan. Kasuwar Ƙanƙara ta ci ba ita, ta sake ci ba ita. Karan ya koma kamu ɗaya, daga nan kuma abin ya tsaya. Da zarar wuƙar ta haska a ɗaya hannun, sai tsuntsun ya faɗa bayan keji yana ƙara.

"Sai ta aje wuƙar nan," in ji Inna.

"Ba a ajewa," in ji Hajiya.

"To ta soke ta a zane ta baya."

"A hannu ake riƙewa, Indo. Haka na yi tawa, haka uwata ta yi tata. So kike ya zo mata?"

"Hajiya, an ce a hannu. To ga naki hannun. Ki tsaya bayanta ki riƙe mata. In ɗanki ne zai zo, ke zai hwara tararwa."

Hajiya ta dubi Suwaibatu. Kwanaki ke nan tana leƙowa daga ƙofarta tana ganin matar da ta yanke wa hukunci zaune a rana da kara a hannu. Ta tashi, ta zo, ta miƙa tafin hannu. Suwaibatu ta ɗora mata wuƙar.

Aka kwantar da Ummi a tabarma. Suwaibatu ta ja mayafi baya, fuskarta ta fito. Inna ta buɗe ƙofar kejin ta ce kada ta shigar da hannu, ta ajiye shi a bakin ƙofa kawai, ta ƙarfafa shi. Tsuntsun ya karkata kai, ya dubi fuskar da wannan ido, ya dube ta da wancan. Ya tako a hankali, ya buɗe baki, ya kama yatsan. Wata mata ta ce, "Wayyo!"

"Kada ki janye," in ji Inna ƙasa-ƙasa. "Dubi idonshi, kwance shike. Gwadawa shike ko reshen zai ɗauke shi."

Hawaye na zuba, hannun bai motsa ba. Tsuntsun ya ɗora ƙafa ɗaya, ya saki yatsan, ya ɗora ɗayar. Ya bi damtse har kafaɗa, ya sunkuyar da kai yana jiran susa. Bai yi ham ba, bai kira kowa ba. Tari kawai ya yi, sau ɗaya, irin na Gide in ya shigo zaure.

Hajiya ta zauna a ƙasa inda take, da wuƙar a hannu. Can Ummi ta fara kuka a tabarma. Da ma Hajiya ce ke rigan kowa ɗaukarta tun rasuwar. Wannan karon ba ta tashi ba. Ta share fuska da bakin zane ta ce, "Suwaiba, ɗiyarki na kuka. Ɗauki abinki."

Har takaba ta ƙare, kowace safiya Hajiya ce ke tsayawa ta riƙe wuƙa, Suwaibatu ta ba tsuntsu abinci. Maganar Ketare ba ta sake tashi ba. An sake nuna wa Inna akuyar, ta ce ba aikin akuya ta yi ba, a ƙulla mata gyaɗa. Da ta isa gida, maƙwabciyar ce ta tare ta a ƙofa tana kuka. Akun Daudawa bai ci komai ba tun tafiyarta. Da kansa ya sauko ƙasan keji, yana fuskantar hanya, a nan ya mutu. Inna ta wanke kejin, ta mayar da shi wurinsa, ba ta sake sa wani a ciki ba. Ba ta taɓa faɗa wa mutanen Faskari ba. A bakin maƙwabciyar muka ji.

Bana yanar ido ta rufe idanun Inna. Ita da kanta ta ce ta bari, domin wanda ba ya ganin idon aku bai kamata ya miƙa masa hannu ba. Ta raba tsuntsayen ga masu su, ɗanta Tanimu ya zo daga Sabuwa zai tafi da ita. Ranar kasuwarta ta ƙarshe, sai ga Suwaibatu ta sauko daga motar Faskari da keji a ka, Ummi na biye da ita da kayan makaranta. Wutsiyar Ɗan Ikko ta daɗe da dawowa. Ya manta ham ɗin mota, ya koma kwaikwayon luguden taɓarya da kiran Ummi makaranta. Tarin dai yana nan, kuma da shi yarinyar ta san ubanta.

Inna ta ɗaga hannu ta nufi inda take jin motsinsa, sai ta tuna, ta mayar da shi cinya. "Bari dai. Ban ganin shi."

Ummi ta leƙa kejin da kyau, ta ba shi gefen fuska yadda uwarta ta koya mata. "Inna, idonshi kwance shike. Gashin wuyan ma kwance. Miƙo hannu."

Ta miƙa karkataccen yatsan nan. Ya hau.

Inna, ke ce aka kira don ki tabbatar da zargi, aka nuna miki ladan, kika ce ba ki sani ba. Ke ce kika dubi hannun da kowa ya ce shaidar laifi ne, kika ga shi kaɗai ne hannun da bai gudu ba. Ke ce kika bar naki ya mutu yana duban hanya, don wata yarinya ta kwana a bayan uwarta. Indo ta Daudawa, mai zaman gefe, ba ki taɓa tsayawa a yi miki godiya ba, ni ma ban iya tsayawa gabanki in yi ba, shi ya sa na rubuta don a karanta miki. Mun gode. Allah ya saka miki, ya sa ki huta a Sabuwa, ya buɗe miki idanu in da rabo.

Ku kuma da kuka rataye aku a gidajenku, in ya ciji wani, kafin ku ɗauki kara ko ku nufi maƙera, ku kife turmi ku zauna gefe kamar yadda take yi. Ku duba inda aka ajiye shi, da abin da aka yi masa ba ku nan, da wanda ya rasa. Kafin kuma ku ce wani abu game da mai raunin, ku tambaya wa ke kai masa abinci.

Da ake ɗora kayanta a mota, Tanimu ya ce a bar tsohon kejin nan tunda ba komai a ciki. Inna ta laluba ta karɓe shi, ta rufe shi da tsummansa, ta ɗora a cinya.